Na Ci Kuɗin Ginin Majami'a, Wani Ya Ɗauki Laifin

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Abin da zan rubuta a nan na riga na faɗe shi da bakina a gaban ikilisiyarmu, saboda haka babu wani asirin da ya rage wanda rubutu zai tona. Na ɓoye sunana da sunan ikilisiyar da na mutanen da abin ya shafa, domin su ba su yi laifin komai ba, kuma bai kamata a riƙa nuna su da yatsa saboda abin da ni na aikata ba.

Ni mutumin ƙasar Zuru ne, a kudancin jihar Kebbi. Mahaifina tsohon soja ne, kamar iyayen yawancin sa'o'ina a yankinmu, ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya dawo gida ya kama noma. Shi da mahaifiyata sun karɓi bishara tun kafin a haife ni, don haka a cikin majami'a na buɗe ido. Ko da yake muna da harshenmu na gida, da Hausa muke sujada, da Hausa na haddace ayoyi a makarantar Lahadi, da ita kuma aka yi mini tambayoyi ranar da aka yi mini baftisma a rafi. Na yi karatun aikin gona a Zuru, aiki ya kai ni Yelwa ta Yawuri, a bakin kogin Neja, a can na yi aure, a can aka haifa mini 'ya'ya. Ba na shan giya, ba a taɓa kai ƙarata gaban dattawa ba, kuma ba na fashin addu'ar safe. Da ikilisiya ta nemi sabon ma'aji a shekarar 2017, ba a yi wata doguwar muhawara ba, aka ce ni ne. Wani dattijo ya miƙe ya ce ɗan soja ne, ba ya wasa da amana. Na ji daɗin maganar ƙwarai, na riƙe ta a zuciya, kuma ita ce daga baya ta zama abin da na fi tsoron rasawa fiye da zumuntata da Allah.

Majami'armu ta yi mana kaɗan, sai aka buɗe asusun gini. Masu albashi suna bayarwa a ƙarshen wata, manoma suna kawo dawa da shinkafa lokacin godiyar kaka a sayar, zumuntar mata kuma suna zuwa ƙwadago a gonakin mutane su kawo abin da aka biya su. Tsarinmu a lokacin mai sauƙi ne. Bayan sujada magatakarda yakan ƙidaya baiko ya rubuta a littafinsa, ya danƙa mini kuɗin, ni ma in rubuta a nawa littafin, ranar Litinin in kai banki. A taron shekara ni nake karanta rahoto daga littafina, a yi tafi, a yi addu'ar godiya. Babu wanda ya taɓa cewa a kawo takardar banki a gwada da abin da na karanta. Ba na faɗar wannan domin in ɗora wa kowa laifi. Yarda ce suka yi da ni, ni kuwa na mai da yardar ta zama ƙofa.

Duk wanda ya zauna a Kebbi a waɗannan shekaru ya san yadda zancen shinkafa ya cika ko'ina. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, a ƙarshen 2016 aka fara sayar da shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas, a watan Agusta na 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja. Ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makaranta duk suka faɗa fadama. Ni da nake koya wa manoma tazarar dashe da lokacin zuba taki, sai na ga waɗanda na koya wa suna sayen babura suna rufa gidajensu da sabon kwano, ni kuwa albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. A damanar 2020 na sami hayar babbar gona a fadama, amma ba ni da jarin iri da taki da maganin ciyawa da kuɗin 'yan ƙwadago. A daidai lokacin akwai kuɗin gini a hannuna wanda ban riga na kai banki ba.

Ban ce wa kaina zan yi sata ba. Na ce aro ne. Na lissafa cewa ba za a taɓa kuɗin ba sai bayan kaka, lokacin da za a sayi kwanon rufi, kuma kafin nan na girbe na sayar na mayar, har in ɗora wa ikilisiya wani abu daga ribar. Na ma yi addu'a a kan gonar, na roƙi Ubangiji ya sa albarka. Yau idan na tuna da wannan addu'a kunya takan kama ni fiye da ta ɗaukar kuɗin, domin na gayyaci Allah ya zama abokin tarayyata cikin abin da ban iya faɗa wa matata ba. Daga nan na daina kai baikon gini banki, ina zuba shi a gona mako bayan mako, har ya kai naira 800,000.

Shinkafar ta yi kyau, ta fara fitar da kai. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba na 2020 sai ambaliyar da mutanen Kebbi ba za su manta da ita ba ta zo, ta shafe gonakin shinkafa tun daga wajen Argungu har zuwa namu yankin. Na je na tsaya a kan tudu, ban iya gane inda iyakar gonata take ba. Dubban manoma sun yi asara a shekarar, kuma ana ta yi musu jaje. Ni ma aka yi mini jaje, har a majami'a aka yi mini addu'a, ba wanda ya san cewa abin da ruwa ya ci nasu ne.

A nan ne ya kamata in tafi wurin fasto. Da na tafi a ranar, da an yi mini faɗa, an sauke ni, an tsara mini yadda zan biya, magana ta ƙare a kaina ni kaɗai. Maimakon haka sai na ƙara ɗiban wani kuɗin na shiga noman rani da injin ban-ruwa, da nufin in cike ramin farko. Abin da na samu bai wuce kuɗin fetur da taki ba. Da na ga taron lissafi yana matsowa, sai na sayi sabon littafi irin na da, na zauna dare da dare na sake rubuta baikon kowace Lahadi, ina rage adadin, har jimillar ta yi daidai da abin da ke banki. Hannun da ya yi wannan aiki shi ne yake riƙe Littafi Mai Tsarki da asuba yana karanta wa yara.

Shekarar 2021 ta zo da tashin hankali. A ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba kuma suna ta watsewa. 'Yan'uwa da yawa suka gudo wurinmu, wasu suna kwana a ajin makarantar Lahadi. Dattawa suka yanke shawara a ɗage maganar rufi, a ɗebi wani abu daga asusun gini a saya musu hatsi da tabarmi da magani. Sai aka ce in kawo takardar banki domin a san abin da za a iya cirewa. Na kawo, na ajiye ta tare da sabon littafina. Magatakarda ya buɗe nasa littafin, aka ga lissafinsa ya fi nawa da kuɗi mai yawa.

Magatakardan nan saurayi ne, malamin firamare, ɗan wata gwauruwa, bai daɗe da fara neman aure a cikin ikilisiyar ba. Aka tambaye ni yadda aka yi. Na ce, "Ni dai abin da aka danƙa mini shi na rubuta, shi na kai banki." Ban ce ya yi sata ba, kuma na daɗe ina fakewa da cewa ban ce ba. Amma na san sarai inda maganar za ta faɗa. Ga littafin mutum mai furfura ya yi daidai da takardar banki, ga na yaro bai yi daidai da komai ba. Ya rantse, ya yi kuka, ya ce bai taɓa riƙe ko naira ɗaya ba. Dattawa ba su kai shi ga hukuma ba, ba su ma yanke masa hukunci a fili ba, sun dai ce ya huta da aikin har a gama bincike. Amma garinmu ba babba ba ne. Kafin mako ya zagayo magana ta kai kasuwa, iyayen yarinyar da yake nema suka ce a dakata, shi kuma ya daina zuwa sujada. 'Yan gudun hijirar nan kuwa abin da aka ba su bai kai rabin abin da aka yi niyya ba.

Hausawa suna cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ni ranar mai kaya ba ta zo mini ba, kuma babu alamar za ta zo. Binciken ya mutu, aka naɗa wani magatakarda, aka sake zaɓena ma'aji. Wannan lokaci shi ne na fi so masu karatu su lura da shi, domin a cikinsa ne na yi ta yin wani abu da nake kira tuba. Nakan tashi cikin dare in durƙusa in yi kuka. Na yi azumi. Na karanta Zabura ta 51 har na haddace ta, musamman inda Dawuda yake cewa ga Allah kaɗai ya yi zunubi, domin wannan aya ta yi mini daɗi: idan ga Allah kaɗai na yi laifi, to, ga Allah kaɗai zan faɗa. Na riƙe 1 Yohanna 1:9, wadda ta yi alkawarin gafara ga wanda ya furta zunubansa, na ce ai na furta. Na yi wa Ubangiji alkawari cewa zan riƙa mayar da kuɗin kaɗan-kaɗan a ɓoye, in jefa a cikin baiko ba tare da kowa ya sani ba, kuma na fara yin hakan. Abin da nake nema shi ne gafarar da za ta bar mini sunana yadda yake. Ina so Allah ya share littafinsa na sama, nawa littafin na ƙarya kuma ya ci gaba da zama a cikin akwatin ikilisiya.

Salama ba ta zo ba. Abin da Zabura 32:3-4 ta kwatanta game da mutumin da ya yi shiru da zunubinsa, jikinsa yana lalacewa, hannun Allah yana danne shi dare da rana, na san shi a jikina. Barci ya ƙaurace mini, na rame, na zama mai faɗa a gida a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar Jibin Ubangiji ta fi kowace rana nauyi. Fasto yakan karanta gargaɗin 1 Korintiyawa 11 cewa kowa ya gwada kansa kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon, ni kuwa ina cikin masu rarrabawa. In na ƙi ci za a tambaye ni dalili, saboda haka nakan ci.

Wadda Allah ya aiko mini ba ta san an aiko ta ba. Wata ranar Asabar a cikin 2022 mahaifiyar saurayin nan ta yi sallama a gidana. Tsohuwa ce, ta girme ni nesa, amma ta durƙusa a tsakar gida, na yi na yi ta tashi ta ƙi. Ta ce, "Ma'aji, wurinku na zo domin ku ne kuka san lissafi, kuma kowa ya san ku da gaskiya. Yaron nan ba ya ci, ba ya fita. Ni na haife shi, na san ba ɓarawo ba ne. Ku taimake ni ku sake duba littattafan nan, ko akwai kuskuren da ba a gani ba. In kun yi magana dattawa za su ji." Na ce mata zan duba. Ta sa mini albarka, ta yi addu'a Allah ya tsare mini 'ya'yana daga abin kunya, ta tafi.

Annabi Natan ya je wurin Dawuda da labari, ya ce masa kai ne mutumin. Ni ba a ce mini haka ba, albarka aka sa mini, kuma ta fi zagi ciwo. A ranar na gane cewa duk kukan da nake yi cikin dare bai cire wa yaron nan sunan ɓarawo ba, kuma ko da na mayar da kuɗin duka a ɓoye har da riba, zai mutu da wannan suna. Dawuda ya ce ga Allah kaɗai ya yi zunubi, gaskiya ne, amma ya faɗi haka ne bayan asirinsa ya fito, kuma zaburar tasa an ba mawaƙa su rera a gaban jama'a. Ni na ɗauki kalmomin mutumin da ya fito fili na yi mayafi da su.

Matata na fara faɗa wa, a daren. Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce, "Maigida, har da kuɗin da muka yi ƙwadagon cirar gyaɗa a cikin rana?" Na ce har da shi. Ta ce, "Kuma kana kallo na daina gaisawa da uwar yaron nan yadda muka saba?" Ban sami amsa ba. Ba ta yi mini ihu ba, ba ta ce za ta tafi gidansu ba. Ta ce in ban je wurin Baba Fasto da safe ba, ita ba za ta kai ƙarata ba, amma ba za ta ƙara cin Jibin Ubangiji ba, kuma in an tambaye ta dalili ba za ta yi ƙarya ba.

Da gari ya waye, kafin a shiga sujada, na ɗauki littattafan biyu, na gaskiya wanda na ɓoye a ƙarƙashin kaya da na ƙarya, na kai wa fasto. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ni ne na ci kuɗin gini. Yaron nan bai taɓa komai ba." Ya daɗe yana duba shafukan, hannunsa yana rawa. Sa'an nan ya yi abin da ban zata ba, ya fara kuka, yana cewa shi ma yana da alhakin yaron a wuyansa, tun da ya yarda da furfura ya ƙi yarda da hawaye. Na ce masa zan sayar da abin da na mallaka in biya, ko za a iya rufa maganar a tsakanin dattawa. Har a wannan lokaci ina ciniki. Ya ce, "Ɗana, Yahuza ma ya mayar da azurfa talatin ɗin, amma bai koma wurin Ubangiji ba. Kuɗi za ka biya, wannan dole ne. Amma sunan yaron nan a fili aka ɓata shi, a fili za a wanke shi." Ya buɗe mini Matiyu 5:23-24, inda Yesu ya ce wanda ya kawo baikonsa ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya bar baikon a gaban bagade ya je su shirya tukuna. Ya ce kafin in tsaya a gaban ikilisiya, sai na fara zuwa gidan gwauruwar.

Mun tafi tare da fasto da dattijo ɗaya. Na durƙusa a inda ya kamata tun farko in durƙusa, na faɗi abin da na yi ba tare da na ambaci ambaliya ba, domin fasto ya gargaɗe ni kada in kawo ruwa ya tsaya mini lauya. Tsohuwar ta ɗaga hannu sama tana yi wa Allah godiya, sa'an nan ta juya mini baya ta shiga ɗaki. Saurayin ya dube ni ya ce, "Baba, ina zaune a gabanku ranar nan ina kuka, kuna kallona." Na ce haka ne. Ya ce, "Na ji abin da kuka faɗa. Amma kada ku ce in yafe yau. Ku ba ni lokaci." Dattijon ya so ya matsa masa da ayoyin gafara, fasto ya hana shi. Na ga hikimar wannan daga baya. Wanda ya zalunci mutum ba shi da ikon tsara masa ranar da zai huce.

Lahadin da ta biyo baya na tsaya a gaban ikilisiya na faɗa. Ba zan iya kwatanta shirun da aka yi ba, kuma ba zan gwada ba. Dattawa suka sanar da horo: an sauke ni daga aikin ma'aji da kowane irin shugabanci, an dakatar da ni daga Jibin Ubangiji, zan riƙa zama a bencin baya, zan kuma biya kuɗin bisa yarjejeniyar da aka rubuta na sa hannu. Aka karanta wata takarda dabam da ta wanke saurayin, aka kuma aika wa iyayen yarinyar.

Bari in faɗi ra'ayina game da bencin baya, tun da na zauna a kansa. Akwai masu cewa tozarta mutum ne kawai, kuma a ikilisiyoyi da yawa 'yan matan da suka yi ciki ne kaɗai suke zama a kansa, manyan maza masu ba da baiko mai kauri kuwa a rufa musu asiri. Wannan suka tana da gaskiya, kuma inda ake yin haka horon ya zama zalunci. Amma ni ya yi mini amfani, saboda cutata ita ce son zama a gaba. A can baya na zauna kusa da 'yan gudun hijirar da na rage wa hatsi, na ji sujada ba tare da ina lissafin yadda ake kallona a matsayin dattijo ba. Abin da ya sa horon bai hallaka ni ba shi ne ba a yashe ni ba. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, kuma wani tsohon mai bishara ya ɗauki wannan a matsayin aikinsa, yana zuwa gidana kowane mako muna karatu tare. Shi ya nuna mini bambancin da 2 Korintiyawa 7:10 ta yi tsakanin baƙin ciki irin na Allah, wanda yake kai ga tuba, da baƙin ciki irin na duniya. Nawa na shekarun baya tsoron tonuwar asiri ne da na sa wa rigar ibada.

Wasu sun daina gaishe ni, kuma ban ga laifinsu ba. 'Ya'yana sun sha gori a makaranta, wannan kuma shi ne abin da ya fi yi mini zafi cikin hukuncin duka.

Biyan kuɗin bai zo da sauƙi ba. Jimillar abin da na ɗiba ta haura naira miliyan ɗaya. Na sayar da babur da injin ban-ruwa, na kuma sa filin da na gada a Zuru a kasuwa, da yardar 'yan'uwana, waɗanda sai da na faɗa musu dalili, wata kunyar ke nan. Cinikin filin ya faɗo a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, ga mai saye amma babu tsabar kuɗi, tura kuɗi ta waya kuma yau ya shiga gobe ya maƙale. Bayan an cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar, rayuwa ta ƙara tsada, abin da nake cirewa daga albashi kowane wata ya zama ana jin sa a tukunyar gida. A karatunmu da mai bisharar nan mun iske Littafin Firistoci 6:1-7, inda aka ce wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya ya mayar da shi cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi, sa'an nan ya kawo hadayarsa. Dattawa suka ce ba mu ƙarƙashin wannan doka, Almasihu ya riga ya zama hadayarmu. Na yarda da su, ban kuma ɗauka cewa kuɗi zai saya mini gafara ba. Amma na roƙa a bar ni in ƙara, domin kwanon da za a saya a 2020 ba shi ne farashinsa a 2023 ba, kuma Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa, ba wanda ya tilasta masa ya ce zai mayar ninki huɗu. Suka amince, aka ce ƙarin ya tafi ga 'yan gudun hijira.

A ranar Ista ta 2024, wato 31 ga Maris, aka karɓe ni. Fasto ya karanta 2 Korintiyawa 2:6-8, inda Bulus ya ce horon da aka yi wa mai laifi ya isa, a yafe masa a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Aka kira ni daga baya, na zo gaba na durƙusa, dattawa suka ɗora mini hannu. Na sake miƙa kaina ga Ubangiji da kalmomi kaɗan, domin na riga na ga abin da yawan alkawarina ya haifar. Na ci Jibin Ubangiji a ranar ba tare da tsoro ba.

Sabon alkawarin nan ba wani abu ne mai ban mamaki ba in an dube shi daga waje. Na roƙi ikilisiya kada a sake ba ni aikin da ya shafi kuɗi, ko da an ga na canza, kuma an karɓa. Matata ta san albashina da duk bashin da ke kaina. Mai bisharar nan yana da izinin ya tambaye ni kowace irin tambaya, kuma yana yi. Aikina a majami'a yanzu shi ne shirya benci da kai wa tsofaffi da marasa lafiya ziyara, ina kuma koya wa 'yan gudun hijirar da suka sami aron gona abin da na sani na noma. Ikilisiya ma ta gyara tsarinta: mutum uku ne suke ƙidaya baiko su sa hannu, ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, kuma ana karanta takardar banki a gaban kowa. Wani ya ce wannan rashin yarda da juna ne, fasto ya amsa da 2 Korintiyawa 8:20-21, cewa Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba. An rufa majami'ar a ƙarshe, shekaru bayan lokacin da ya kamata.

Saurayin bai dawo ikilisiyarmu ba. Yana sujada a wata ikilisiya a cikin gari, kuma auren da aka dakatar bai yiwu ba, yarinyar ta auri wani kafin gaskiya ta fito. Wannan ba abin da zan iya biya ba ne, ko da kashi ɗaya cikin biyar ko da ninki huɗu. Bara ya yi aure, ya aiko mini da katin gayyata ta hannun fasto, na je na zauna tare da sauran baƙi. Da aka tashi ya zo ya gaishe ni, ya ce, "Baba, na gode da kuka zo." Har yanzu bai furta kalmar yafewa ba, ni kuma ban sake tambayarsa ba. Mahaifiyarsa tana amsa gaisuwata yanzu, kuma idan damina ta faɗi ni nake zuwa in duba mata 'yar gonarta ta bayan gari.